Ƙawanyar da Sada Ya Bari a Buɗe

Daminar bana ce ta cika shekara goma sha biyar da muka kai Sada maƙeri makwancinsa a Batsari. Na daɗe ina son in yi magana a kansa, amma bakina a ɗaure yake da alkawari, sai a watan jiya aka kwance ni. Boko kuwa da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka in mai karatu ya ga rubutun yana ɗingishi, ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da alƙalamin kara.

Sada ɗan kawuna ne, wato taubashina. Mahaifiyata 'yar gidan maƙera ce aka kai ta gidan malamai, shi ya sa na tashi da allo, shi ya tashi da masaɓa. Tun muna yara ban taɓa kiransa da sunan kirki ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Ni in ce masa Baƙin-hanci, saboda hayaƙin gawayi, shi ya ce mini Sha-tawada. Kowannenmu na cewa ɗayan bawansa ne, kuma har ya bar duniya ba mu raba wannan gardama ba. Ina faɗin haka ne don a san cewa ba maroƙinsa ba ne ni. In da abin tsiya a tare da shi, ni zan fara faɗa. Yana da taurin kai, yana da rowar goro, kuma in ya kama waƙa a bakin wuta kaji ma barin wurin suke yi.

Maƙerin fari ne, ba na baƙi ba. Ba ya ƙera fartanya ko gatari. Aikinsa azurfa da tagulla: abin wuya, 'yan kunne, munduwa, da irin kayan da matan Fulani ke ratayawa a kitso. A cikin wannan duka, abin da ya fi cin lokacinsa shi ne abin da mai saye ba ya ko kallo, wato ƙawanya. 'Yan mitsi-mitsin zobban nan nake nufi, wasu ba su fi ƙwayar dawa ba, waɗanda ake sarƙafa ɗaya cikin ɗaya su zama sarƙa, ko a rataya tsakiya ko ɗan ganyen azurfa da su. Zai narka azurfa ya zuba ta zama ɗan sanda, ya yi ta bugu, sannan ya riƙa jan ta ta cikin hujin wani ƙarfe, daga babban huji zuwa ƙarami, har ta koma waya siririya. Ya nannaɗe wayar a jikin ƙusa, ya zare, ya bi ta ya yanka, sai ka ga ƙawanyu sun zubo a kan buzun da yake zaune.

Akwai abin da in ka yi a gabansa zai iya korar ka daga rumfa, ko kai wane ne: ka kama ƙawanya ka wage bakinta. Shi da hantsaki biyu yake riƙe ta, ya murɗa gefe ɗaya ya yo wajensa, ɗayan ya tura gaba, ya zura abin da zai zura, ya mayar da bakin ya haɗu. Cewa yake wadda aka wage ba ta ƙara yin da'ira, ko ta rufu sai ka ga ta karkace. Bayan nan sai liƙi. Ya ɗora ɗan ɗigon sinadari a bakin, ya hura wuta da bututu, bakin ya haɗe kamar ba a taɓa yankawa ba. In sarƙa ta kammala ya jefa ta cikin ruwan tsamiya, ta fito fes. Na sha zama ina kallonsa har in manta almajirai na jirana.

To, duk sarƙar da ta fito daga hannunsa, ƙawanyunta a liƙe suke, sai guda ɗaya. Ita wannan a ƙeya yake sa ta, da waya mai ɗan laushi, ya haɗa bakinta da hantsaki kawai, ba ya kai mata wuta. In aka tambaye shi ba ya ɓoyewa, yakan ce don in sarƙar ta maƙale a wani abu ta buɗe ta saki wuya. Ba mai yarda. Wasu suka ce ƙyuya ce, wasu suka ce tsimin sinadari yake yi, wasu kuma suka ce dabara ce, don sarƙa ta riƙa tsinkewa a dawo masa gyara. Daga nan aka laƙa masa Saura-ɗaya, sunan ya bi shi daga Batsari har Safana. 'Yan kasuwa kan ce, sunanka Sada, ka sada ɗari ka kasa sada guda. Ni da na fi kowa iya tsokanarsa, wannan kaɗai ban taɓa sa baki a ciki ba, kuma ba wanda ya lura.

Ga dalilin, yau zan faɗe shi.

Da farko a Yasore muke zaune, mu duka, lokacin ko mota ba a fara gani a ƙasarmu ba. Sada na saurayin magidanci, da matarsa Hurera, da 'yarsu ta fari, Indo. Mai karatu ya san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Hurera kuwa ta fi kowa kunya. "Yarinyar nan" kawai take cewa. Amma ni na sha shigowa ba zato in tarar da ita tana shinshina kan yarinyar, tana jin motsina ta ture ta gefe ta hau faɗa.

Indo ba ta zama wuri ɗaya. Mahaifina ya rubuta mata laya aka rataya mata da igiyar fata, ta tsinka. Aka sake, ta tsinka. Sai Sada ya ce bari ya yi mata abin da ba za ta iya tsinkawa ba. Ya zauna ya yi mata 'yar sarƙar azurfa, ya liƙe kowace ƙawanya, ya bi ya sake dubawa. Ya kawo mini yana taƙama, ya ce in ja da ƙarfina in gani. Na ja har ta yi mini shaida a yatsa, ba ta ko motsa ba.

Ran da abin ya faru kaka ce, da hantsi, kowa yana gona. Ina zaune a rumfarsa ta ƙofar gida, yana bugun tagulla, ba mu jin komai sai ƙarar masaɓa. Hurera ta leƙa maƙwabta aron rariya, ta ɗan tsaya suka gaisa. Yarinyar ta hau wani itace mai reshe da aka tokare rumbu da shi, ƙafarta ta zame, sarƙar ta shiga reshen. Hurera ce ta dawo ta gani. Ba ta yi kururuwa ba. Fitowa ta yi har rumfa ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana nuna cikin gida da hannu.

Da hannu Sada ya so ya tsinka sarƙar, ta ƙi. Sai da ya koma rumfa da gudu ya ɗauko abin yanka. Aikin ya yi kyau, ba inda ya saki.

Ba zan ƙara a kan wannan ba. Wata tsohuwa, Allah Ya jiƙanta, ita ta yi wa yarinyar wanka, ta rufe abin da ta gani har ta koma ga Allah. Lokacin yara na mutuwa da yawa, ba a cika tambaya ba. Aka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya aka faɗa. Mata suka cika gidan, Hurera na zaune a ƙurya idonta a bushe, don 'yar fari ce, ba a kuka a gani. Har yaba mata aka yi, wai ta iya haƙuri. Ni da na san abin da ke ciki, ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba.

Bayan sadakar uku Sada ya ja ni bayan gari. Ya ce, "Ka san bakin mutane. In wagga magana ta fita, ba wanda zai ce maƙeri ya yi sarƙa. Cewa za a yi uwa ta bar ɗiyarta ta tahi hira. Da wannan suna za ta tsufa, dangina kuma ba za su bar ta ta zamna gidan ba. Ni na yi sarƙar, ni ke bugun da ya hana mu ji. Ka yi mani alkawari, muddin tana da rai, ba ta fita bakinka." Ranar bai ce mini Sha-tawada ba, da sunana ya kira ni. Na yi masa alkawari. Kafin wata daminar suka tashi suka koma Batsari, ni ma daga baya na bi su da almajiraina. Tun daga nan ya fara barin ɗaya.

Shekaru suka tafi a haka. Allah Ya ba su wasu 'ya'yan, aikinsa ya yi suna duk da laƙabin, don ko masu zaginsa sun san ba mai jan waya kamarsa. Duk ran kasuwar Safana zai ɗaure kayansa a jaki ya je ya shimfiɗa buzu a layin maƙera, kuma can ne rabin abincin gidansa yake fitowa. Ni ma nakan bi shi in sayo takarda da ƙaro, mu tafi muna zagin juna mu dawo muna zagin juna.

Wata ran kasuwa muna zaune sai ga wata Bafillatana daga rugagen Ruma, Dije, ta taho kamar za ta tashi sama, mijinta na biye da sanda a kafaɗa. Ta watsa masa sarƙa a kan buzu.

"Kai Kaɗo, ka cuce ni! Saniya ta kaɗa kai sau ɗaya, abin ya tsinke. Ganyen azurfa biyu sun ɓace cikin turɓaya, na nema har na gaji."

Sada ya ɗauki sarƙar ya juya ta wajen ƙeya. Ya ce, "Ƙahon ya shiga ciki?"

"Ya shiga mana! Ina tatsa ta fizge ni har na durƙusa. Duba nan."

Ta nuna gefen wuyanta. Ɗan jan layi ne kawai, ko jini bai yi ba. Sada ya kalli layin nan, ya kalli ƙawanyar da ta buɗe, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi," yana murmushi har haƙoransa na goro suka fito. Wannan murmushi shi ya ɓata komai. Dije ta ɗauka dariya yake mata, mijin ya ce sai an je gaban manya. Abin da na lura da shi ke nan a tsawon zamana da shi: duk ran da ƙawanyar nan ta yi aikin da aka sa ta, zagi take jawo masa.

Aka taru a rumfar babban maƙeran kasuwar. Dattijo ne mai adalci, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Sauran maƙera suka ce sun gaji, saboda mutum ɗaya ana cewa 'yan layinsu duka maha'inta ne. Sada ya faɗi dalilinsa kamar yadda ya saba, ya ce ga wuyan matar nan shaida. Wani ya ce da sarƙar ta riƙe, da ƙahon ne zai zame, ba a yi asarar komai ba. Aka yi ta ja. Can dattijon ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Sada, ni ban ce kai maha'inci ba ne. Amma na tsufa a bakin wuta, ubana ma haka, ban taɓa jin inda sarƙa ta kashe mutum ba. Kai ka taɓa gani? In ka gani, hwaɗa mana inda anka yi da wanda anka yi wa. Wallahi in ka kawo shaida, ni da kaina zan sa kowa a layin ga ya riƙa barin ɗaya."

Ina zaune kusa da Sada ina jin numfashinsa. Kalma kaɗan ce tsakaninsa da wanke sunansa, ga kuma shaida a gefensa, malami mai almajirai wanda ba za a ƙaryata ba. Ban san lokacin da na muskuta na gyara murya ba. Sai na ji hannunsa a gwiwata, ya matse ta da irin ƙarfin masu riƙe awartaki. Ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Sha-tawada, zamna. Ba karatu anka zo ba." Rumfa ta kwashe da dariya. Sannan ya juya ga dattijon ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba ni da abin da zan ƙara."

Aka yanke cewa ko dai ya riƙa liƙe aikinsa duka kamar kowa, ko ya naɗe buzunsa daga layin. Ya ce ya ji. Ya koma wurinsa, ya ciro ganyen azurfa biyu daga nasa ya rataya wa sarƙar Dije, ya kama ƙawanyar ƙeya da hantsaki biyu ya mayar da bakinta, ya miƙa mata. A gaban idonsa ta tsallaka rumfa ta gaba ta ba wani ya kai mata wuta. Sada ya bi ta da kallo, ya naɗe buzu, muka kama hanya. Bai ƙara shimfiɗa shi a Safana ba.

A hanya na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, kuma ba na wasa ba. Na ce ya bar batun sunansa, ya tuna 'ya'yan mutane. Da ya yi magana, da maƙeran kasuwa guda sun canza hannu. Ya ci gaba da kaɗa jaki. Daga baya ya ce, "Na yi wannan tunanin tun kafin ka yi shi. Su waɗancan ban san su ba, Allah Ya tsare su. Ita kuwa ni ke ganin ta kullum in ta zo wucewa ta gaban rumbu." Ya ce in an tambaya, in ce gwiwa ce ta hana shi doguwar tafiya. Har yau ban gama sanin ko daidai ya yi ba. Wani lokaci in ce ya yi kuskure, wani lokaci in ce da ni ne ban da ƙarfin yin abin da ya yi. Abin da na tabbata shi ne ya san nauyin kowane ɓangare, kuma shi kaɗai ya ɗauka.

Daga nan gida ya ja baya. Labarin Safana ya riga shi isowa Batsari, masu aurar da 'ya'ya suka fara kai aikinsu wani wuri. Ya koma gyaran tsofaffin munduwa da yi wa yara zobban tagulla, ya ƙara faɗin gonarsa. Wanda ya zo neman sarƙa kuwa zai yi masa, ya bar ɗayar nan, ko an roƙe shi ya liƙe. Akwai mai kuɗin da ya ce zai ninka masa lada in ya rufe ta, ya ce masa ga layin maƙera can. Yara na bin sa da Saura-ɗaya, yana amsawa kamar sunan yanka. A shekarun da ake ɗibar samari soja ya kwanta ciwon ƙirji, bai daɗe ba. Na je duba shi na ce, "Baƙin-hanci, tashi, bawa ba ya kwanciya ubangidansa na tsaye." Ya ce, "To ai shi ya sa nake kwance kana tsaye." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yanzu nakan zauna in ce, da zai leƙo ya ga kasuwa, me zai ce? Mota na shigowa da kayan kanti, sarƙoƙi a jere a jikin takarda suna ƙyalli kamar zinariya, damina ɗaya su koma baƙi. Na sa an kawo mini guda na duba da tabarau. Inji ne ya matse ƙawanyunta, ko ɗaya ba a liƙe ba. Mutanen da suka kore shi saboda guda ɗaya, yau jikokinsu na rububin wadda duk a buɗe take, in ta tsinke a jefar a sayi wata, ba mai kai ƙara gaban kowa. Na san da zai yi dariya har ya yi tari. Amma na san kuma da ba zai yaba ba, don shi bai taɓa son aikin banza ba. Abin da yake so shi ne sarƙa ta riƙe gam a ko'ina, ta saki a wuri ɗaya da mai ita ya zaɓa, kuma ya san dalili. Ana ta maganar Turawa za su tafi mu riƙe ƙasa da kanmu, samari na taruwa a gindin rediyo suna musu. Shi da ba zai shiga musun ba. Hannu kawai zai miƙa ya ce a ba shi sarƙar nan ya ga ƙeyarta.

Layin maƙeran fari ma ya rage. Ɗansa Lawal, wanda ya gaji kayan aikin, yau liƙin bokiti da fitila ya fi yi, don shi ke kawo abinci. Yaron kirki ne, amma ya tashi da jin kunyar laƙabin ubansa. In ya yi sarƙa jefi-jefi, sai ya liƙe ta tas ya nuna wa mai saye, ya ce, "Duba, ba saura." Duk ran da na ji haka sai in tashi in bar wurin.

A watan jiya Hurera ta aiko a kira ni. Ta tsufa ƙwarai, ciwo ya ci jikinta. Na shiga bayan azahar na tarar da ita a jingine da bango, ta sa jikokin suka fita. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Na fara 'yar tsokanar da na saba yi mata, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, maganar Safana. Ya ce mani gwiwa. Mutumin da ke zuwa Ruma a ƙasa ya dawo a yini."

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Tun a makon na ji, wajen masu tallar nono. Har tambayar da anka yi mashi an hwaɗa mani, da yadda ya hana ka magana. Sau nawa ina kai mashi tuwo da niyyar in ce ya je ya hwaɗi gaskiya, in na buɗe baki sai in kasa. Shi yana ɓoye mani, ni ina ɓoye mashi cewa na sani. Haka munka zamna har ya tahi."

Na ce ta bar tuna wannan, Allah Ya riga Ya rubuta, ba laifin kowa.

Ta ce, "Na sani. Amma ina jin yaran unguwa har yau suna ce ma jikokinshi jikokin Saura-ɗaya. An ce ka iya rubutun nan da ake bugawa a karanta ko'ina. Ka rubuta. Ka ce ba ha'inci ba ne. Ni ba abin da bakin mutane zai yi mani yanzu."

Na ce to, amma sai da sunaye, in ba haka ba za a ce tatsuniya ce. Ta ce in sa na ɗan'uwana, in sa nata. Sai ta shiga murza bakin zanenta, har na ɗauka ta gama. Na yunƙura zan tashi.

Ta ce, "Ka sa na Indo."

Tun ran da aka raɗa wa yarinyar nan suna ban taɓa jin sa a bakin uwarta ba sai ranar. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe, sannan ta yi kukan da ba ta yi ba a Yasore. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Da aka share makoki na kira Lawal na gaya masa duka. Da na gama sai ya tambaye ni ko na san kaurin wayar da mahaifinsa ke sawa a ƙeya. Na ce ni mai tawada ne, ya je ya duba sarƙar mahaifiyarsa.

Sada bai bar dukiya ba. Ya bar gona, da hantsaki biyu da suka sha hannu har suka yi santsi, da laƙabin da ba nasa ba ne. Ya bar kuma sarƙoƙi da ban san yawansu ba, a wuyan tsofaffi da cikin adudun mata, daga ƙauyen Darini har rugagen Ruma. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da matarsa da 'yarsa a inda ba rabuwa. Ni dai na yarda yau a gaban jama'a, ni ne bawan.

Roƙona ɗaya ne. Duk wadda ta juya tsohuwar sarƙarta ta ga ƙawanya guda a ƙeya ba a kai mata wuta ba, don Allah kada ta kai a liƙe. Ta Indo ce.